Damuwar Jiya da Gobe a Gidan Manomi Kirista

Damuwar manomi a wajajen Durba, ƙasar Rano da Kibiya, iri biyu ce: nadamar abin da ya wuce, da fargabar abin da ke tafe. Kiristocin Hausawa na kudancin Kano, da yawansu jikokin Maguzawa, suna magance ta farko da tuba, domin a bangaskiyarsu zunubin da aka furta an gafarta shi albarkacin Yesu Almasihu.

Ta biyu ta fi nauyi, musamman a Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Nan ake buɗe Matiyu sura 6, inda Yesu ya ba da misalin tsuntsayen da Allah ke ciyarwa. Da asuba iyali su yi addu'a, su danƙa wa Allah lissafin hatsinsu, sannan a saɓa fartanya a nufi gona.