Kwamfuta tana jiran kaset

Abin da ya ɗaure mini kai game da cibiyar CERN, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, shi ne har yau a kaset ake taskance ɗanyen bayanan na'urar LHC, saboda araha. Kafin a fara lissafi, sai an kwafo su zuwa faifai, wani lokaci kwamfutoci masu tsada su yi sa'o'i suna jira. Shi ya sa masanan ATLAS suke fito da su kashi-kashi, a gama da wannan a goge, a kawo na gaba. Fayilolin da ake yawan nema kuwa, ana ajiye kwafinsu kusa. A ganina wuyar tana nan: idan faifan ya cika, yawanci wanda aka daɗe ba a buɗe ba ake gogewa, ko da gobe wata ɗaliba za ta neme shi.