Wasiƙa Daga Amurka: Masu Neman Kakanni A Takarda

Yaya,

Saƙonka ya iso, har da maganar dawowata da ka sake tayarwa. Zan zo kanta, amma bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai.

Yawancin Turawan ƙasar nan jikokin baƙi ne. Kakanninsu sun ƙetaro teku a jirgin ruwa daga Ailan da Italiya da Jamus da Rasha, yanzu kuma jikokin sun duƙufa neman asalinsu a takarda. Akwai wani ɗan tsibiri a bakin birnin Niyok, sunansa Elis, inda a da ake tantance baƙin. Daga 1892 zuwa 1954 mutum fiye da miliyan 12 suka bi ta can, yau kuma ya zama gidan tarihi. Na je ranar hutu na gani da idona. Kowane jirgi da rajistarsa, an ja layi-layi, an cike da rubutun hannu: sunan mutum, shekarunsa, sana'arsa, garin da ya baro, wa ya biya masa kuɗin jirgi, nawa ke aljihunsa, wurin wa zai sauka. Har da tambayar ko yana da mace fiye da ɗaya! Likitoci kuma suna tsaye da alli, duk wanda suka ga alamar ciwo tare da shi sai su yi masa zane a riga. Kimanin biyu cikin ɗari aka mayar inda suka fito. An zuba rajistar nan a intanet, kana rubuta sunan kakanka sai ya fito, har da sunan jirgi da ranar sauka. Na ga wata mata ta sami nata, ta kifa kai a gaban kwamfuta tana kuka. Wannan kam ba zan hana su ba, sun iya adana takarda.

Amma Yaya, ka san a gidan tsofaffi nake aiki. Akwai wata tsohuwa a ɓangarenmu, ta haura shekara 90, iyayenta daga Italiya suka zo. Ɗanta ya samo takardar jirgin kakansa, ya sa aka yi mata gilashi, ya kawo ya rataye a bangon ɗakinta. Ko zaman shan shayi bai yi ba, ya duba agogo ya tafi. Ita kuwa hankalinta garau. Ta san sunan ƙauyen ubanta, ta san bashin da ya ci ya hau jirgi, ta san ƙanwarsa da aka bari a baya ba su sake ganin juna ba. Ni take ba wannan labarin ina yanke mata farce, ni baƙon da ban haɗa komai da ita ba. Duk Lahadi sai ta sa a taje mata kai, a juya kujerarta ta fuskanci ƙofa, har la'asar ba wanda ya leƙo. Uwa fa, wadda ta yi dakon cikinsa ta shayar da shi! Yana gari ɗaya da ita, da motarsa, da lafiyarsa. Ranar bikin iyaye mata gidan ya cika da furanni da katin gaisuwa, washegari tsit. Wallahi har yau abin bai zauna mini ba. Wasu tsofaffin dai sukan ce mini su suka zaɓi haka, don kada su ɗora wa 'ya'ya nauyi, kuma na ga da gaske suke. Ana kula da su, ba yunwa ba ƙazanta. Amma ina albarkar take?

Baƙaƙen fatar nan su ne abin tausayi. Jiragen da suka kawo kakanninsu adadi suke rubutawa, kamar kaya. Ƙidayar 1850 da ta 1860 sunan ubangida suka ɗauka, bawa kuwa sai shekaru da jinsi da launin fata. Sai a 1870 sunayen yawancinsu suka fara fitowa. Wani abokin aikina a nan bincikensa ya tsaya cak. Ya tofa yawu a kwalba ya aika aka gwada, sakamako ya nuna Najeriya, ya zo da murna yana tambayata wane gari ne. Na rasa abin da zan ce masa.

Na san za ka ce ai ni ma na bar mahaifiyarmu Hajiya. Ba ɗaya ba ne. A hannunka na bar ta, cikin jikokinta, kuma maganin hawan jininta da kuɗin makarantar yara daga gumin nan suke fitowa. Duk da haka, wani daren in ina gyara wa uwar wani filo sai ƙirjina ya yi nauyi. Da zarar takarduna sun fito zan zo, in Allah ya yarda.

Kafin nan ga roƙona. Kakanmu da ya tafi Gwanja fataucin goro bai dawo ba, da ƙanensa da ya bi hanyar Makka a ƙasa ya tsaya a Sudan, babu rajistar da ta riƙe sunansu, ayari ba ya rubutu. Hajiya ce kaɗai ta rage da ta san zancen. Don Allah ka zauna da ita bayan isha'i, ka kunna wayarka, ka tambaye ta sunaye da garuruwa da wa ya auri wa, ka turo mini muryar ta WhatsApp. Kada ka bari sai bayan salla.

Ka gaishe mini da Hajiya, ta ci gaba da sa mini albarka. Wassalam.

Ƙanenka