Gangar Inji Daga Garin Ƙarfe

A wata unguwa ta Kaduna akwai wani dattijo, tsohon injiniya, wanda shekarunsa suka doshi saba'in. Kowa ya shaide shi da kamun kai, ba a yin sulhu ko ɗaurin aure a layinsu ba tare da shi ba. Amma yana da hali guda wanda ya daɗe yana ɗaure wa maƙwabta kai. Kowace Asabar da hantsi yakan kakkaɓe tsohon garmahonsa, ya ɗora wani faifai na Turawan Ingila, sai a ji sauti yana fitowa kamar ana buga waya, ga kuma wata murya can ƙasa kamar ta mai karanta sanarwa. Abokansa na majalisa sun sha ce masa, "Haba Injiniya, da girmanka? Wannan ai ko makaɗi babu a ciki." Shi kuwa sai ya yi murmushi, domin amsar doguwa ce.

A shekarar 1980 gwamnati ta tura shi Shefild, a arewacin Ingila, ya karanta ilmin sarrafa ƙarfe. Garin nan ya yi suna a duniya wajen ƙera wuƙaƙe da cokula, a can ne ma Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Saurayin ya sauka da zaton zai tarar da gari yana rugugi, sai ya iske akasin haka. A farkon shekarar ma'aikatan ƙarfe na ƙasar sun yi wata uku suna yajin aiki, masana'antu suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kafin watan Janairu na 1982 marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3. Ya kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa wadda aka sallami ɗanta daga aiki. Ga sanyi, ga kewar gida, abin da ke ɗebe masa kewa kawai kaset ɗin Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos da ya zo da su a akwati.

Ɗan tsohuwar nan, wanda yake yini a gida babu abin yi, shi ya fara jiyar da shi ƙungiyar The Human League. Da farko raina abin ya yi. Wanda ya saba da kalangu, inda makaɗi ke matsa tsirkiya ganga ta yi magana, yaya za a yi ya girmama kiɗan da aka danna maɓalli ya fito? Sai da ya ji tarihin mutanen sa'an nan jikinsa ya yi sanyi. Ashe 'yan garin ne. Waɗanda suka kafa ta a 1977, Martyn Ware da Ian Craig Marsh, ma'aikatan kwamfuta ne, ba makaɗa ba. Mawaƙinsu Philip Oakey ɗan aikin asibiti ne mai tura gadon majiyyata, ya tara gashi ya sauko a gefe ɗaya na fuska, ɗaya gefen a datse. Da ƙungiyar ta rabu biyu a 1980, sai Oakey ya shiga wani gidan rawa ya ga 'yan mata biyu 'yan makaranta, Susan Ann Sulley da Joanne Catherall, ya gayyace su, alhali ba su taɓa sana'ar waƙa ba.

Da irin wannan tarkacen aka yi faifan Dare a 1981. Fiyanon lantarki, wanda ake kira sintesaiza, shi ya tsaya a matsayin garaya da algaita, wani akwati kuma mai suna Linn ya tsaya a matsayin ganga. Waƙar ƙarshe a faifan, Don't You Want Me, wadda shi Oakey bai ma so a fitar da ita ita kaɗai ba, ta yi mako biyar a kan gaba a Birtaniya daga Disambar 1981, ta kuma ci Amurka a 1982. Abin ya tsorata makaɗan gargajiyarsu, har reshen Landan na ƙungiyar makaɗa ya nemi a hana amfani da waɗannan injuna a shekarar. Amma masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma tilas ta sake.

To, mene ne daɗin abin? Dattijon ya daɗe yana juya tambayar, ga kuma inda ya tsaya. Inji ba ya gajiya, ba ya kuskure, ba ya tausayi. Bugun da ya fara da shi, da shi zai ƙare. A kan wannan bugu marar imani sai a ɗora muryar mutum mai rauni, wanda ba gwani ba ne, yana faɗin abin da ke cin ransa. Ita waccan waƙa ma gardama ce tsakanin namiji mai gorin shi ya ɗaga yarinya daga aikin raba abin sha, da ita yarinyar mai cewa ko babu shi za ta kai inda ta kai. Ƙafa tana rawa, zuciya tana juyayi, mawaƙin kuma fuska a ɗaure kamar mai ba'a da kansa. Wannan shi ne halin Ingilishi: abin da ya fi yi musu zafi, da shi suke wasa.

Haka sauran suke. New Order na Manchesta sun tashi ne daga makokin mawaƙinsu Ian Curtis wanda ya rasu a 1980, suka yi Blue Monday a 1983, waƙar baƙin ciki ta fiye da minti bakwai wadda ta cika gidajen rawa. Pet Shop Boys kuwa, Neil Tennant ɗan jarida da Chris Lowe ɗalibin zanen gine-gine, a kantin kayan lantarki suka haɗu a 1981. Ɗaya yana waƙa kamar mai hira, ɗayan yana tsaye ƙiƙam bayan fiyano ko ƙifta ido ba ya yi.

Sai dai Injiniya bai gane faifansa sosai ba sai da abin ya zo kansa. Ya komo gida a 1984, ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta, wata safiya ya tarar da ƙofa da kwaɗo. Ya zauna gida da iyali da kuɗin makarantar yara, kunya ta hana shi fita majalisa. A lokacin ne ya tuna ɗan tsohuwar nan ta Shefild yana taka rawa shi kaɗai a ɗakin girki da tsakar rana. Da can ya ɗauka rashin tunani ne. Yanzu ya gane cewa mutumin da inji ya ci amanarsa, in ya mai da injin abin rawa, ya rama ke nan. Ɗanmaraya ma da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya faɗa wa duniya halin talaka. Ƙanƙantar kayan kiɗa ba ta taɓa hana gaskiya fita ba.

Kwanakin baya jikarsa, 'yar jami'a, ta tarar da shi gaban garmahon. Ta ce, "Kaka, ashe kai ma ka san irin wannan?" Ta kunna masa Hot Chip, wasu 'yan Landan masu kama da malaman makaranta da suka fara a 2000, ta gaya masa su suka tsara faifan Electricity na 2022 ga Ibibio Sound Machine, wadda Eno Williams ke yi wa waƙa da harshen Ibibio. Ya saurara har ƙarshe, ƙafarsa tana motsi ƙarƙashin riga. Ya ce, "Yarinya, zuriyar ba ta yanke ba ashe." Daga ɗaki Hajiya ta ɗaga murya ta ce a rage, azahar ta gabato. Ya rage, amma sai da faifan ya kai ƙarshe ya ɗaga allurar.

Allah ya ba marasa aiki abin yi, ya ba masu baƙin ciki abin da zai sanyaya musu rai, amin.