Daren da Tafi Ya Tsaya a Gaoui

Ina ɗan shekara goma sha biyu wani maƙwabcinmu ya dawo daga Kusseri da bidiyo da ɗan janareto. Garinmu Gaoui ƙauyen Kotoko ne, kamar kilomita 10 daga Injamena, garin tukwane da gidajen laka masu zane. Mu Hausawa tsiraru ne a cikinsu. Baba na sarin randuna da tuluna wurin matan garin ya kai kasuwar birni. Yaƙi ya riga ya durƙusar da silimun Injamena, su Normandie sai a bakin manya muke jin labarinsu. Tabarmar tsakar gidan maƙwabcin nan ita ce silimarmu, dala biyar kuɗin shiga.

A nan na fara ganin Shree 420, fim ɗin Raj Kapoor na 1955, marar kala, kaset ɗin ya sha jiki har hoton na rawa. Babu mai jin Indiyanci. Wani saurayi ke fassara mana da Larabcin Shuwa, inda bai gane ba ya cike da nasa.

Raj ya shigo Bombay da yagaggen takalmi, ya jinginar da lambar yabon da aka ba shi ta riƙon gaskiya, ya kama wanki da guga. Sai wata mata, Maya, ta gano hannunsa a karta, ta jawo shi cikin masu kuɗi, ya faɗa hannun attajiri Sonachand, mutumin da ke murmushi yana yanka. Wayyo, irin tafin da muke yi in Raj ya wanke wani mai tumbi! Ya sayar musu da hannun jarin zinarin da babu shi, su kuma suna rububi, kwaɗayi ya rufe musu ido. Har tsofaffi dariya suke, ana cewa ɓarawo ya gamu da gwaninsa. Ni kam a raina na so in zama shi, ba zan ɓoye ba.

Sai aka zo wurin zambar gidaje. Aka yi shela cewa duk talakan da ya kawo rufi 100 zai mallaki gida. Masu kwana a bakin titi, waɗanda suka ba Raj wurin kwanciya ranar da ba shi da kowa, suka yi layi suna kwance bakin zani suna ƙirga tsaba. Tsakar gidan nan ya yi tsit, ƙarar janareto kawai kake ji. Inna, wadda ba ta cika zuwa kallo ba, ta ce a hankali, "Ai na san a kanmu zai ƙare."

Raj ya tuba daga baya, ya tona asirin maigidan nasa, ya koma wurin masoyiyarsa Vidya, wadda Nargis ta fito a matsayinta. Mun ji daɗi, amma tafin bai dawo kamar da ba. Sai da na girma na san 420 sashe ne kan zamba a tsohuwar dokar Indiya, kamar yadda 419 take a Najeriya. Na kuma ga masu yin ta ido da ido, da adashen banza da alkawarin ninka kuɗi, kuma mafi yawan waɗanda na ga suna kuka masu tallar gyaɗa ne da 'yan dako.

A daren nan da muka koma gida, Inna ta ɗauko asusunta na yumɓu daga bayan randa, ta girgiza shi kusa da kunne, ta tura shi can ƙarƙashin gado. Asusun yana wurina har yau, ba a fasa shi ba.