Kututturan da Muke Sarewa Duk Bazara

Duk ɗan manomin da ke jami'a ya san aikin da ke jiransa in hutu ya faɗo a bazara: sharar gona. Mu da muka fito daga ƙauyukan arewacin Katsina da adda a hannu muka tashi. A sare tohon sabara da kalgo da ya fito daga kututture, a tara, a cinna wuta. Gonar da ta yi fes kamar tsakar gida ita ce ta ɗa nagari. Ba mu taɓa tambayar abin da ya sa iskar farkon damina ke binne mana gero da yashi ba, har sai an sake shuka.

Sai a aji muka ji labarin Maraɗi, wadda daga Jibiya ba wata tafiya ba ce. A 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan dashen da yake yi ya yi ta mutuwa, ya lura cewa tohon nan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Maimakon a share shi duka, sai manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, ya datse sauran, ya bar su su miƙe. Ba ban ruwa, ba sayen iri. An ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5.

Mun ɗan ji kunya, domin kakanninmu ba su taɓa yarda a taɓa gawo ba. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani. Da muna yara mun ɗauka camfin tsofaffi ne kawai.

Bana muka koma gida da zumuɗi. Baba ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "To, malaman gona, in kun koma makaranta, wa zai tsare muku su?" Gaskiyarsa. Da an kwashe amfani ake sakin awaki, ga masu neman itacen girki, cikinsu har da ƙannenmu mata. Ko a Nijar ɗin ma, abin bai kankama ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne.

Daga ƙarshe ya ba mu kusurwar da gero bai cika yi ba. Muka gyara kututture goma sha ɗaya, muka ɗaura wa kowanne jan tsumma don a san da mai shi. Makon jiya ƙaninmu ya bugo waya: bakwai suna nan, kuma an ga Baba da kansa yana kewaye biyu da ƙaya.