Taura Uku A Baki Ɗaya

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. To, mu uku muka jefa a baki lokaci guda, wato aiki da iyali da keke. Mu huɗu ne, dukkanmu magidanta mazauna Sabo a birnin Ibadan: biyu malaman makaranta, ɗaya akawu, ɗaya kuma mai sayar da hatsi a kasuwar Bodija. Abin da ya fara haɗa mu da keke dole ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka kakkaɓo tsofaffin kekunan da suka daɗe a jingine. Ana cikin haka likita ya shaida wa babbanmu cewa jininsa ya hau, ya kuma ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya motsa jikinsa na aƙalla minti 150 a mako.

Wanda bai taka keke a Ibadan ba, bai san tudu ba. A makonnin farko, kafin mu kai rabin hawan Mokola numfashi ya ƙare, sai mu sauka mu tura, yara na yi mana dariya. Sannu a hankali ƙafa ta saba, abin da aka fara don dole ya koma sha'awa. A shekarar 2024 muka ga Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a tseren keke a gasar Olamfik ta birnin Paris, har da keken aro daga 'yan wasan Jamus. Muka ce ashe rashin kaya ba ya hana mai niyya. Muka yi adashi, kowa ya sayi keken gwanjo mai giya da hular kwano, muka sa wa kanmu horo kullum bayan la'asar. Ranar Asabar kuwa tun da sassafe muke bi ta Sango, mu wuce Ojoo da Moniya, mu miƙa hanyar Oyo, ba ma dawowa sai rana ta take.

Ba mu lura ba ashe duk sa'ar da muka ba keke, daga hannun wani muka ƙwace ta. Malamai suka fara tara littattafan yara ba a duba ba, akawu ya fara gyangyaɗi a kan tebur, mai hatsi ya bar wa yaron shago ciniki. A gida kuwa cefane ya koma hannun mata, yara su yi barci ba su ga uba ba. Aka yi ta yi mana hannunka-mai-sanda, muna fakewa da cewa neman lafiya muke yi.

Wata Asabar cikin damina, muna can bayan Moniya, zazzaɓi mai zafi ya rufe 'yar ɗayanmu mai shekara 6. Uwar ta yi ta kira, wayoyinmu na cikin jaka a bayan sirdi, babu wanda ya ji. Maƙwabci ne ya kai su asibiti. Da muka iso, jiƙe da gumi, mun tarar an riga an ɗaura wa yarinyar ruwa. Uwar ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi mijinta ta ce, “Maigida, sannu da zuwa. Yaya ka baro amaryar?” Magana ce ga mutum ɗaya, amma duk mu huɗu muka sunkuyar da kai.

Bayan yarinyar ta warke muka zauna muka sake lale, kuma wannan karon sai da kowa ya shawarci iyalinsa. Horon yamma muka soke shi ɗungurungum. Ranakun Talata da Alhamis muna fita bayan asuba da fitila gaba da baya, minti 45 kacal, mu zaɓi tudu ɗaya mu hau shi sau biyar, muna hutawa a gangara. Mun gano cewa gajeren horo mai tsanani yana gina numfashi da ƙarfin ƙafa ba tare da ya cinye yini ba. Kafin ƙarfe 7 kowa yana gida, ya kai yara makaranta. Zuwa wurin aiki da dawowa mun lissafa shi cikin horo. Tafiyar Asabar ta koma awa biyu, kuma a hanyar dawowa sai an biya kasuwa an ɗauro cefane. Waya tana aljihun ƙirji. Idan ruwa ya tsuge, ko wani uzuri ya taso a gida, ranar ta wuce ke nan, ba a ramuwa. Da azumi kuwa rabin awa muke yi a hankali kafin shan ruwa.

Ba za mu ɓoye ba, mun yi asara. Burin shiga tsere mun ajiye shi, samarin da muka koya wa canza giya yanzu su ke wuce mu a tudu suna ɗaga mana hannu, kuma abin yakan sosa rai. Amma jinin babbanmu ya daidaita, tare da maganin da yake sha, littattafan yara kuma ba sa kwana a kan tebur.

Lahadi ta iyali ce. A ranar za ka ga yarinyar nan a kan ƙaramin kekenta a filin makaranta, uban na gudu a baya riƙe da sirdi, tana ihu, “Baba, kada ka sake ni!” Shi kuwa yana haki fiye da yadda yake yi a hawan Mokola.