Yadda Jirgin Ƙasa Ke Hawa Bene

Duk wanda ya tashi a Samaru ko Sabon Gari ya san layin dogo tun yana yaro. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, layin da ya bi ta wajenmu ya nufi Funtuwa da Gusau kuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Amma ko kun taɓa lura ba inda dogo ya miƙe ya hau tudu kai tsaye kamar hanyar mota? Dalili shi ne ƙafar jirgi ƙarfe ce, abin da take takawa shi ma ƙarfe ne. Santsin nan shi ke sa kan jirgi ɗaya ya ja tarago da yawa a fili, shi ne kuma ke sa ya yi ta sulɓi in hawa ya yi tsanani. Saboda haka injiniyoyi sun fi son hawan ya tsaya a mita 1 ko 2 cikin kowace mita 100.

Wannan matsala ita ta sha mana kai bana a ƙungiyar matasan injiniyoyi ta makarantarmu, wadda nake lura da ita. Wani tsohon ɗalibinmu ya aiko mana da ƙaramin jirgin lantarki da layinsa, irin wanda aka rage girmansa sau 87. Muka shirya yi masa gari biyu a ɗakin koyon sana'a, na ƙasa Zariya, na sama Jos, don tunawa da siririn layin da Turawa suka ja daga Zariya saboda kuza, wanda ya kai Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Zariya ta gaske ba ta kai mita 700 bisa teku ba, Jos kuwa ta haura mita 1,200. A namu aikin, tsakanin garuruwan santimita 40 ne kacal.

To, amma in za a hau santimita 40 a kan 2 cikin 100, ana bukatar hanya mai tsawon mita 20, ɗakinmu kuwa bai kai rabin haka ba. Waɗansu ɗalibai suka ce a ƙara tsananin hawan a huta. Na ce su gwada a kan falanki. Da aka ɗaura tarago huɗu, sai ƙafafun jirgin suka yi ta juyawa wuri ɗaya, ko motsi bai yi ba. Abin da ya rage shi ne a naɗe hanyar, zagaye bisa zagaye, har a kai sama. Yara suka raɗa wa ginin suna katantanwa.

Nan lissafin da'ira da ake gudu a aji ya yi rana. Kowane zagaye dole ya ɗaga da santimita 10, wato 9 don jirgi ya wuce bai buga kai ba, 1 kuma kaurin katako. In daga tsakiyar da'ira zuwa layi santimita 45 ne, zagayen zai zama kamar santimita 283, hawan ya kai 3.5 cikin 100. Ga shi kuma matsattsiyar kwana tana ƙara wa jirgi nauyi, har ta kan fizgo taragun tsakiya su faɗo ciki. Muka buɗa zuwa santimita 75, zagaye ya zama 471, hawan ya sauko kusa da 2 cikin 100. Zagaye huɗu ke nan, hanya ta kusan mita 19 a filin da bai kai mita 2 ba.

Muka sayo siririn katako wajen 'yan katako a Sabon Gari, muka zana da'ira da ƙusa da zare, muka yanka da zarto. Zagayen farko shi ya fi cin lokaci. Mun raba shi kashi 8, kowane abin tokari ya ɗara na bayansa da santimita 1.25. Daga nan sai gutsattsarin katako masu tsawo ɗaya, don haka kowane bene kwaikwayon na ƙasansa yake yi. In na farko ya karkace, duka sun karkace. Kuma ba mu rufe zagaye da na samansa sai mun shimfiɗa layi mun gwada, gama in an rufe guduma ba ta shiga. Tsakiya kuwa muka bar ta a buɗe, don mutum ya iya shiga ta ƙasa ya ɗaga taragon da ya kauce.

Kada ku ɗauka wasan yara ne. A Amurka, a dutsen Tehachapi, tun 1876 dogon jirgi kan zagaya har kansa ya bi ta saman wutsiyarsa. A Suwizalan kuma, a tsohon layin Gotthard da aka buɗe a 1882, fasinja kan ga majami'ar ƙauyen Wassen sau uku, da fari tana bisa kansa, a ƙarshe yana hango ta daga sama.

Ranar da muka gama, wani ɗan aji biyu ya tsaya yana kallo, ya ce, "Malam, jirgin nan zagaye kawai yake yi." Na ce ya durƙusa ya duba daga gefe. Sai ya ga duk sa'ad da jirgin ya komo gabansa, ya ɗaga da santimita 10.

Ya ku ɗalibai, a cikinku akwai waɗanda za su maimaita aji, akwai kuma 'yan aji shida da za su sake zaman jarrabawar Turanci ko Lissafi kafin su sami shiga jami'a. Na ga yara masu ƙwazo da suka ajiye littafi gaba ɗaya saboda kunyar wannan. Na ga kuma waɗanda suka nemi gajeriyar hanya ta satar amsa, suka isa sama, nauyin karatu ya jawo su baya. Wanda ya komo kujerar bara da sanin abin da bai sani ba bara, ba wuri ɗaya yake ba. Amma ku lura, zagaye ba ya zama hawa sai an tokare shi. In ka maimaita shekara da barcin bara da abokan bara, to kai ne mai zagaye a fili.

Ku 'yan aji ɗaya, ku ne zagayen farko. Ku daidaita karatu da rubutu da lissafinku yanzu, domin a kansu sauran shekaru biyar za su zauna. Iyaye da 'yan'uwa a cikin ikilisiya, ina roƙonku, in yaro ya kawo sakamako mara daɗi, ku durƙusa ku duba shi daga gefe kafin ku yanke hukunci. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Ubangiji ya bi da masu fita, ya ƙarfafa masu saura. Amin.